Babi na Shida: Gida, Albasa da Kuɗin Ruwa a Ƙasar Jega

Duk wanda ya zauna da dillalan filaye a Jega ya tambaye su yaushe rabon da farashin gida ya faɗi, amsa ɗaya zai ji: ƙasa ba ta ruɓewa, kuma ba ta komawa baya. Masu wannan magana ba baƙin faɗuwar farashi ba ne. Sun sha ganin buhun albasar Aliero ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen shekara, sannan ya zube cikin 'yan makonni da zarar sabuwa ta shigo kasuwa. Sun ga hakan ga shinkafa da gero, sun gan shi ga ragunan da suka yi kwantai bayan babbar salla. Gida da fuloti kaɗai suka ware daga wannan hukunci, kuma a kan wannan imani ne ɗan kasuwa da ma'aikaci da manomin rani, daga Aliero zuwa Maiyama har ƙauyuka irin su Sarandosa, suke yanke shawarar inda za su sa abin da suka tara.

Imanin yana da tushe. Jega gari ne na ciniki tun ƙarni na 19, lokacin da ayarin fatake masu zuwa Gwanja neman goro suke yada zango a kasuwarta. A irin wannan gari gida kayan aiki ne. Mai gida babba shi ke saukar da baƙi, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu a ciniki, ya karɓi la'ada. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, ya nuna cewa gidajen da mutum ya mallaka su ne ginshiƙin amanar da ake ba shi a cinikin shanu da goro, domin mai gidaje ba ya tattara su ya gudu da dare. Har yau Jega tana kan mararraba: hanyar Sakkwato ta biyo ta Tambuwal da Aliero ta shigo, ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya ta gangara Maiyama da Koko da Yawuri har Kwantagora. Fuloti a bakin irin wannan hanya da wuya ya rasa mai so.

Sai dai farashin gida yana faɗuwa a nan ma. Bambancin shi ne ba ya faɗuwa a bakin dillali.

Hanya ta farko da faɗuwar take ɓuya ita ce karyewar darajar naira. A ɗauki misali na lissafi. Mutum yana da gida a Jega wanda aka yi wa kuɗi naira miliyan 10 a farkon 2023. A lokacin dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, buhun siminti kuma bai wuce naira dubu 5 ba. Ranar 29 ga Mayu na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, siminti ya kai naira dubu 10 a wurare da yawa. A ce a lokacin an taya gidan nan miliyan 15. Mai shi zai yi hamdala, ya ce ya ci ribar miliyan 5. Amma miliyan 10 ɗinsa na da suna sayen dala fiye da dubu 13, ko siminti buhu dubu 2. Miliyan 15 na farkon 2024 dala dubu 10 suke saye, ko siminti buhu 1,500. Ta kowace fuska aka auna, kashi ɗaya cikin huɗu na darajar gidan ya tafi, alhali lambar da ke kan takarda ta ƙaru. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Duk kadarar da ba ta ƙaru da wannan gwargwado a shekarar ba, baya ta ci.

Hanya ta biyu da faɗuwar take ɓuya ita ce lokaci. Mai albasa ba shi da ikon cewa albarka har wata shida, domin kayan za su ruɓe a hannunsa, dole ya sallama a farashin ranar. Mai gida yana iya cewa albarka shekara biyu. Idan kuɗi suka yi ƙaranci a hannun mutane, abin da ake fara gani shi ne ciniki ya tsaya: masu taya sun ragu, wanda ya taya ya nemi a raba masa biya kashi uku, dillali ya yi ta zarya ba la'ada. Farashin gaskiya yana bayyana ne kawai ranar da aka sami wanda ba zai iya jira ba, kamar mai majinyaci a asibiti, ko wanda bashi ya taso wa, ko magadan da suka matsu a raba musu gidan mahaifinsu kowa ya kama gabansa. Irin wannan ciniki a asirce ake yin sa, saboda sayar da gida abin kunya ne a al'ada, musamman gidan gado. Shi ya sa labarin gidan da aka sayar da tsada yake zagaye gari, na wanda aka karyar kuma ya tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa da shaidu biyu. Dillalin da ya ce bai taɓa ganin faɗuwa ba, rabin labarin yake bayarwa.

To ina ruwan mutumin Maiyama da kuɗin ruwan da ake yankewa a Abuja? Tambaya ce mai kyau. Mafi yawan gidajen wannan yanki ba da rancen banki aka gina su ba. Da kuɗin kaka ake gina su, da adashe, da sayar da sa ko biyu, bana a yi harsashi, baɗi a kai linta, wata shekarar a sa kwano. Ga kuma hukuncin addini: mutane da yawa ba sa kusantar rance mai ruwa ko da an kai musu har gida, saboda haramcin riba. Duk da haka ma'aunin kuɗin ruwa da Babban Bankin Nijeriya yake sawa yana isa gare su. Lamarin kamar Gulbin Zamfara ne da ya ratsa ta Jega: idan ya cika, rijiyoyin fadama suna tasowa har waɗanda ke nesa da gaɓa, idan ya janye su ma su yi ƙasa, ko da mai rijiyar bai taɓa ɗiban ruwa a gulbin ba.

Shekarar 2020 ta nuna yadda abin yake. A watan Satumba Babban Banki ya sauke ma'auninsa zuwa kashi 11.5. Tun kafin nan, a ƙarshen 2019, ya hana ɗaiɗaikun mutane da kamfanonin cikin gida waɗanda ba bankuna ba sayen wasu takardunsa masu riba mai tsoka. Kuɗi suka rasa wurin kwana, suka yi dafifi a kan takardun bashin gwamnati na gajeren zango, har ribarsu ta faɗi ƙasa da kashi 1 cikin ɗari a ƙarshen shekarar. Mai kuɗi ba ya zama haka. Kasuwar hannun jari ta Legas ta tashi da kashi 50 cikin ɗari a shekarar da annobar korona ta rufe duniya, wasu kuɗin kuma suka nufi filaye da gidaje da kayan ajiya. Idan ajiyar banki ba ta haifar da komai, fulotin da ba ya kawo ko kwabo sai ya zama abin sha'awa, domin jira ba ya cin mai shi komai.

Daga watan Mayun 2022 sai iska ta juya. Aka ɗaga ma'aunin zuwa kashi 13, aka ci gaba da ɗagawa har ya kai 18.75 a Yulin 2023. Da Olayemi Cardoso ya karɓi ragamar bankin, a zama ɗaya na Fabrairun 2024 aka ƙara maki huɗu ya zama 22.75, kafin ƙarshen Nuwamba ya tsaya a 27.5. Takardar bashin gwamnati ta shekara ɗaya ta koma ba da fiye da kashi 20. Bankunan kasuwanci suna ba ƙananan 'yan kasuwa rance a wajen kashi 30. A wannan yanayi, mai miliyan 10 da ya sa su a takardar gwamnati zai sami miliyan 2 ko fiye a shekara yana zaune. Idan gida ya saya da su, aka ce hayarsa naira dubu 500 ce a shekara, kashi 5 ke nan, kafin a cire gyaran rufi da yashe masai da watannin da ɗan haya ya nemi a yi masa haƙuri. Wanda kuma ya ci rance ya sayi gidan, ruwan shekara ɗaya kaɗai miliyan 3 ne, ninki shida na hayar. Babu mai hankalin da zai yi wannan ciniki, kuma ba a yin sa.

Mutumin Sarandosa bai sayi takardar gwamnati ba, amma wanda zai sayi shinkafarsa yana hulɗa da banki. Manyan injinan casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, da dilolin da ke tara musu shanshera, suna buƙatar kuɗi masu yawa lokacin girbi. Idan rance ya yi tsada, mai saye yakan rage abin da zai ajiye, ko ya matse farashi, ko ya ja biya. Dilan taki ya daina ba da kaya bashi sai kuɗi hannu. Manomi ya fito daga kaka da ragowar da ba ta kai ta bara ba, sai a ɗage sayen fuloti, a ɗage zuba dakin. Birkila da kafinta da mai buga bulo su rasa aiki. Ta wannan doguwar hanya ce hukuncin da mutum goma sha biyu na kwamitin Babban Banki suka yanke a Abuja yake zama kango a bayan gari.

Jihar Kebbi ta ɗanɗana kishiyar wannan, kuma babu inda ya fi ta ɗanɗanawa. Ranar 17 ga Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jihar ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki wanda aka fi sani da Anko Borowa, zamanin Godwin Emefiele a banki da Atiku Bagudu a gidan gwamnati. Ruwan rancen kashi 9 ne, a lokacin da ma'aunin Babban Bankin kansa ya hau zuwa 14 a tsakiyar 2016, na bankunan kasuwa kuma ya haura 20. Ana ba manomi iri da taki da magani da injin ban ruwa, ya biya da shinkafa bayan girbi. A 2016 Kebbi da Legas suka ƙulla yarjejeniyar shinkafar Lake Rice. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, shinkafar waje ta yi wuyar shigowa. A 2020 aka rage ruwan rancen zuwa kashi 5.

Abin lura a nan shi ne inda ribar ta zauna. Rance mai sauƙi da kasuwa mai tsada sun sa noman rani ya zama abin rububi, har ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwar cikin gari suka shiga neman fadama. Iri ana iya ƙarawa, injin ban ruwa ana iya shigo da shi, amma fadama ba ta ƙaruwa. Don haka wani kaso na sauƙin da aka yi wa manomi ya zarce aljihun mai ƙasa, ta hanyar kuɗin aron gona da farashin sayenta. Wannan ƙa'ida ce da take aiki ko'ina: idan aka sauƙaƙa rance a kan abin da ba ya ƙaruwa, farashin abin ne yake tashi. Wanda ya riga ya mallaka ya ci riba, wanda ya zo daga baya ya saya da tsada.

Daga baya ne aka ga ɗaya fuskar. Ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a jihar, manoma da dama suka kasa biya, wasu kuma tun farko sun ɗauki rancen a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. Shirin ya raba fiye da naira tiriliyan 1 a faɗin Nijeriya, kuma rigimar nawa aka dawo da su ta daɗe ana yin ta. Sabon shugabancin Babban Banki ya dakatar da irin waɗannan rancen a ƙarshen 2023. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ba da damar shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, ba tare da haraji ba, har kwana 150. Cikin 2025 farashin hatsi ya sauko sosai alhali taki yana nan da tsadarsa. Masu saye sun sami sa'ida, kuma sun cancance ta bayan wahalar da suka sha. Amma wanda ya sayi fadama a lokacin rububi, yana lissafi da rancen kashi 5 da iyaka a rufe, ya tarar da cewa ginshiƙan lissafin nasa duka biyu an janye su. Gonar tana nan yadda take. Abin da take iya haifarwa ne ya ragu, kuma darajar ƙasa ba ta wuce abin da take haifarwa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a yaba wa mutanen wannan yanki, wanda masana tattalin arziki ba sa yawan yabawa. Ginin da ba bashi a kansa yana da kariyar da gidan jingina a banki ba shi da ita. A Amurka, babban bankinsu ya sauke ruwa zuwa kashi 1 a 2003, bankuna suka yi ta ba da rancen gida har ga waɗanda ba su da tabbataccen albashi, bisa imanin cewa farashin gida ba ya faɗuwa a ƙasar baki ɗaya. Zuwa tsakiyar 2006 ruwan ya koma 5.25, biyan wata ya yi nauyi, farashi ya fara zamewa, kafin 2012 ya sauka da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya ba da kashi 10 na kuɗin gida ya ranci sauran, faɗuwar kashi 10 kaɗai ta isa ta cinye duk abin da ya sa. Miliyoyin iyalai aka kwace wa gidaje, bankin Lehman Brothers ya rushe ranar 15 ga Satumban 2008. Ko da aka mayar da ruwa kusan sifiri a Disambar shekarar, mutane ba su ruga sayen gida ba, domin wanda ya ga farashi yana gangarowa yakan jira ya ƙara sauka, bankin da ya ƙone kuma yakan riƙe hannunsa. A Dubai, inda 'yan kasuwar Arewa suka sani sarai, gidaje sun yi asarar kusan rabin darajarsu a 2009.

Nijeriya ta yi nata a shekarun, amma a hannun jari. Bankuna sun ba mutane rance su sayi hannun jari, har da na bankunan kansu, kasuwar ta kumbura zuwa Maris na 2008 sannan ta zube, ta yi asarar fiye da rabin darajarta cikin shekara guda. Ranar 14 ga Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar, a 2010 aka kafa hukumar AMCON ta karɓi basussukan da suka lalace. A duka wuraren ukun, bashi ne ya mayar da faɗuwar farashi ta zama masifa. Mai gidan Jega da ya gina da kuɗin albasarsa, ko darajar gidan ta ragu da kashi 25, ba wanda zai zo ya sa masa kwaɗo a ƙofa.

Kariyar tana da nata farashin, kuma ana ganin sa a gefen kowane gari. Kango kuɗi ne da aka binne: ba ya kawo haya, ba ya ba da inuwa, damina tana cin bulonsa, rodin da aka bari a waje yana tsatsa. Mutumin da ya kai gini linta a 2022 da niyyar rufewa a 2024 ya tarar kuɗin kwano da katako da siminti sun ninka. Idan ya ce zai sayar, mai saye ba ya biyan abin da aka kashe, domin tsarin ɗakunan ba nasa ba ne. Da an bar kuɗin suna juyawa a kasuwa har su isa a yi ginin a tashi ɗaya, da sau da yawa an fi samun sauƙi. Amma mai ginin yana da hujjar da ba a raina ta: kuɗin da ke hannu ana zuwa aronsu, ana biki da su, ana jinya da su, wanda aka zuba a harsashi kuwa ya tsira daga kowa, har da mai shi.

A Aliero zaɓin ya fi fitowa fili, domin kishiyoyi biyu suna kallon juna. Ga albasa, wadda garin ya yi suna da ita har ƙasashen maƙwabta. Mai jari yakan saya a lokacin girbi, wajen Maris da Afrilu, ya zuba a rumbunan kara da ciyawa masu shan iska, ya jira ƙarshen damina lokacin da ta yi ƙaranci. A shekara mai kyau kuɗinsa suna ninkawa cikin wata shida ko bakwai. A shekara mara kyau zafi da danshi su ruɓar da kaso mai yawa, ko hanya ta toshe, kamar yadda aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ta ɓangaren Nijeriya ba sai Maris na 2024. Ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin Muhammadu Adamu Aliero ta kafa a 2006, wadda ta kawo wa garin abin da bai saba da shi ba, wato dubban baƙi masu neman ɗakin haya. Ɗakunan ɗalibai ba sa ninka kuɗi, amma ba sa ruɓewa, kuma ana biya a farkon zango. Haɗarinsu daban ne: a Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan saboda korona, ɗakuna suka zauna wata da watanni babu kowa. Haka abin yake a Jega ga masu gidajen haya kusa da kwalejin kimiyyar lafiya.

Kuɗin ruwa shi ke karkata ma'auni tsakanin waɗannan biyun. Idan ya yi sama, kuɗi a hannu suna yin daraja, mai su yana iya sayen albasa ko shanshera da rahusa daga wanda ya matsu, don haka kulle su a bulo yana da asara babba. Idan ya yi ƙasa, masu ajiya suna yawa, ribar ajiyar ta ragu, hayar ɗaki mai ɗorewa ta fara kyau. 'Yan kasuwar da suka daɗe a harkar ba sa zaɓar ɗaya su bar ɗaya. Suna juya jari a albasa, ribar shekara mai kyau kuma su mayar da ita gini, don kada shekara mara kyau ta tafi da duka.

A Sarandosa da ƙauyukan Maiyama lissafin ya sake canzawa. Gida a ƙauye ba shi da ɗan haya, saboda haka ba jari ba ne, wurin zama ne da rufin asiri. Jarin shi ne gona da dabba. Wanda ya matsu ba banki yake zuwa ba, jinginar da gonarsa yake yi ga mai hali, mai halin ya yi ta nomawa har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa, ko kuma ya karɓi taki da alkawarin biya da buhu a kaka. Idan aka lissafa amfanin da mai gonar ya rasa, tsadar wannan rance takan wuce ta kowane banki, kuma malamai sun daɗe suna jan kunne a kan cin amfanin abin da aka jinginar. Dalilin da ya sa banki ba ya shiga shi ne takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, takardar shaidar mallaka da ya sa wa hannu ita banki ya fi yarda da ita, mafi yawan gonaki da gidajen karkara kuwa shaidarsu dattawa ne da takardar mai gari. Don haka ko ruwan banki ya sauko zuwa kashi 10, manomin da ba shi da wannan takarda ba zai gani a ƙofarsa ba. Wannan gibi ya fi tsadar ruwa cutar da karkara, kuma gyaransa yana hannun gwamnatin jiha, ba Babban Banki ba.

Ma'aikacin gwamnati yana da ƙofar da sauran ba su da ita. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana cire kashi 2.5 na albashi, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yana ba da rance daga ciki a kashi 6, biya har shekara 30. A shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30, rancen kashi 6 sauƙi ne babba ga wanda ya samu, domin nairar da zai biya da ita ta fi wadda ya karɓa rauni. Matsalar ita ce masu zubawa sun fi masu samu yawa nesa ba kusa ba, kuma nan ma sai da takardar fili.

Masu gudun riba suna da bankunan da ba sa hulɗa da ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Suna sayen gida su sayar wa mutum da riba sananniya, ko su yi tarayya da shi ya riƙa sayen kasonsu a hankali. Tsarin ya bambanta a shari'a, kuma bambancin yana da muhimmanci ga mai imani. Amma ribar da suke ɗorawa ba ta rabuwa da yanayin kasuwa, domin masu ajiya a wurinsu suna kallon abin da ake samu a wasu wurare. Sukuk ɗin gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar ruwa, ya nuna haka ƙarara. Na farko, na naira biliyan 100 a Satumban 2017, wanda aka yi hanyoyi da shi, ya ba da kashi 16.47 a shekara. Na 2020, lokacin da ruwa ya yi ƙasa, kashi 11.2 ya bayar. Na 2025 ya kai 19.75. Ga mutumin Jega da ba ya son riba kuma ba ya son wahalar 'yan haya, wannan shi ne ma'aunin da ya dace ya gwada hayar gidansa da shi.

A watan Satumban 2025 Babban Banki ya rage ma'auninsa daga 27.5 zuwa 27, ragi na farko cikin shekara biyar, bayan hauhawar farashi ta fara lafawa. Dillalai a manyan birane suka fara cewa lokacin saye ya zo. A rancen miliyan 10, rabin maki naira dubu 50 ne a shekara, kuɗin siminti buhu biyar. Bai isa ya tayar da kango ba. Abin da zai motsa kasuwar filaye a Jega da Aliero da Maiyama ya fi kusa da gida: farashin da shanshera za ta yi a girbin rani, yawan albasar da za ta tsira daga rumbu, ko jami'a za ta yi zango cikakke, da ko manoman da suka rage noma saboda tsadar taki za su koma fadama. Idan waɗannan suka yi kyau, masu taya za su dawo, masu cewa albarka su sami abin da suke jira. Idan ba su yi ba, magada da masu bashi ne za su ci gaba da yanke farashi, wanda yake da kuɗi a hannu kuma ba a bin sa bashi shi zai saya.